La'adar Dillalin Waya: Yadda Za Ki Yi Wa Baƙonki Bayanin Kuɗin Da Ya Gani

 

A wannan watan za mu leƙa wata sana'a ce da ta fara samun gindin zama a hannun mata a manyan garuruwanmu, wato bayar da gida haya na 'yan kwanaki. Wata gadon mahaifinta ne ya faɗo mata, ɗaki biyu da falo, ta gyara ta zuba gado da kujeru. Wata kuma sashen baƙi ne na gidan maigidanta yake zaune babu kowa, suka yi shawara aka fitar masa da ƙofa ta waje. Masu sauka kuwa ba sa yankewa. Akwai 'yan biki da suka taho daga nesa, da masu jinya da aka turo asibitin koyarwa, da ma'aikatan da taro ya kai su Abuja, da iyayen da suka je yaye 'ya'yansu a jami'ar Zariya. Ga kuma 'yan uwanmu mazauna Ingila da Amurka da kan dawo hutun Sallah ko na ƙarshen shekara, su tarar gidan dangi ya cika, otal kuma ba ya yi wa mai iyali daɗi, domin ba inda uwa za ta ɗora tukunya.

Da yawa daga cikin waɗannan gidaje ta manhajar waya ake kama su, musamman Airbnb da Booking.com. To a nan ne wata 'yar matsala take ɓullowa, wadda ta sha ɓata tsakanin mai masauki da baƙonta tun kafin ya sauke jaka. Wani ya ji a bakin ƙawarki, ko ya gani a tallar da kika ɗora a WhatsApp, cewa gidanki naira 50,000 ne kowane dare. Ya lissafa kwana uku, ya ajiye 150,000 a ransa. Da ya buɗe manhaja zai biya, sai ya ga abin ya doshi 190,000. Nan take saƙo zai shigo miki: "Hajiya, wannan ƙarin na mene ne?" Amsar da za ki ba shi ita ce za ta sa ya biya da daɗin rai, ko ya tafi yana faɗa wa mutane cewa mai gidan nan baki biyu gare ta. Kuma kin san a sana'ar da ake yi da amana, irin wannan magana ta fi gobara ci.

Dillali ne, la'ada yake ci

Kafin ki iya fahimtar da wani, sai ke kanki kin fahimci abin. Waɗannan kamfanoni ba su da gida ko ɗaya a unguwarku. Airbnb ya samo asali ne a birnin San Faransisko na Amurka, inda a 2007 wasu samari biyu, Brian Chesky da Joe Gebbia, suka shimfiɗa katifun iska a falonsu suka sauke baƙi uku da suka rasa otal lokacin wani taro, a 2008 kuma abin ya zama kamfani. Booking.com ya girme shi, a ƙasar Holan aka kafa shi a 1996, hedikwatarsa tana Amstadam. Aikinsu duka ɗaya ne, su haɗa mai gida da mai neman wurin kwana, su ci ladan haɗawar.

Kin ga ke nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Dillaliyar da ke shiga gida-gida da atamfa da kwalla da ɗan kunnen zinare, ai ba don Allah-Annabi take yawo a rana ba, akwai la'adarta, kuma kowa ya sani. Haka dillalin kara a kasuwar dabbobi, haka ejan ɗin da ke nema wa mutum gidan haya ya karɓi kashi 10 cikin 100. Malamai ma ba su ga aibin wannan ba. Imam Bukhari ya buɗe babi guda a kan ladan dillanci a cikin littafin ijara na Sahihinsa, ya kawo cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifinsa ba. Abin da ake nema a haya shi ne a san kuɗi, a san tsawon lokaci, a san abin da aka ba da hayarsa. Saboda haka idan baƙo ya yi fushi, galibi la'adar ba ita ce ta ƙona masa rai ba. Rashin sanin da ita ne har sai da ya zo bakin biya.

Don haka kalmar farko da za ki riƙe ita ce la'ada. Idan kika ce wa dattijo "kuɗin hidimar manhaja" zai ɗauka wani sabon salon yanka ne. Idan kika ce masa "la'adar dillalin da ya haɗa mu ce", ya gane, don shi ma ya biya ta sau ba adadi.

Hanya biyu ake cire ta

Abin da ke rikita mutane shi ne ba hanya ɗaya ake bi ba, kuma lalle ne ki buɗe shafin rajistarki ki ga wadda aka ɗora ki a kai.

Hanya ta farko ita ce ta raba-daidai, wadda Airbnb ya daɗe a kanta. Ana cire wa mai gida kashi 3 cikin 100, sannan a ɗora wa baƙo nasa kason a kan kuɗin, wanda yakan kama daga kusan kashi 14 zuwa 16 da rabi. Bari mu yi lissafin da naira domin sauƙi. Kwana uku a kan 50,000 ya kama 150,000. Kin sa kuɗin shara da wanki 15,000, ya zama 165,000. Idan aka ɗora wa baƙo kashi 14, wato 23,100, zai biya 188,100. Ke kuma za a cire miki kashi 3 na 165,000, wato 4,950, a turo miki 160,050. Tsakanin abin da ya fita daga aljihunsa da abin da ya shigo hannunki akwai naira 28,050. Shi yana can yana ganin kin kwashi kusan 190,000, ke kina nan kina duban 160,000, kowa yana jin an ƙware shi.

Hanya ta biyu ita ce a ɗora wa mai gida la'adar gaba ɗaya. Baƙo ba zai ga wani layi na kuɗin hidima ba, farashin da kika rubuta shi zai gani, daga ciki kuma kamfani ya yanki rabonsa. Booking.com haka yake yi tun asali, la'adarsa takan tsaya wajen kashi 15, tana iya yin ƙasa ko sama gwargwadon gari da yarjejeniyar da kika shiga. Shi ma Airbnb a ƙarshen 2025 ya mayar da masu gidaje da yawa kan wannan hanya, a kan kashi 15 da rabi.

A nan ne mata da yawa suke tafka asara ba su sani ba, kuma ina so ki tsaya ki ɗauko biro. Idan kina son 50,000 ta shigo hannunki, hankali zai ba ki ki ƙara kashi 15 da rabi a kai, wato 7,750, ki rubuta 57,750. To amma kamfani a kan 57,750 ɗin zai cire nasa kason, ba a kan 50,000 ba. Zai ɗauki wajen 8,950, ya bar miki 48,800. Kin yi asarar 1,200 a dare ɗaya. Ki ninka wannan da dare ashirin a wata, kin ga kuɗin cefanen kwana da kwanaki ya zube. Yadda ake yi shi ne rabawa. Ki raba 50,000 da 0.845, zai ba ki wajen 59,200, shi za ki rubuta. Idan la'adar kashi 15 ce cif, sai ki raba da 0.85, ki sami wajen 58,850. Ko yaron da ke aji uku na ƙaramar sakandare zai buga miki wannan a waya.

Ki lura da abu ɗaya. Ta ko wace hanya aka bi, daga aljihun baƙo kuɗin yake fitowa. Bambancin kawai a hanya ta farko yana ganin layin da idonsa, a ta biyu an narkar da shi cikin farashi. Saboda haka idan kina kan hanya ta biyu, baƙo ya tambaye ki, kada ki ce masa "babu wata la'ada". Ki ce "tana cikin farashin da ka gani, ba za a ƙara maka komai ba". Maganar farko ƙarya ce, ta biyu gaskiya ce, kuma ta biyun ma ta fi kwantar masa da hankali.

Wanne ne naki, wanne ne nasu

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, kuma ni dai ban ga kyawunta ba. Da baƙo ya yi ƙorafi, sai mai gida ta ɗora komai a kan kamfani: "Wallahi su ne, ni ba ruwana." Alhali a cikin ƙarin nan akwai kuɗin shara, wanda ita ta rubuta da hannunta, kuma aljihunta yake shiga. Akwai kuɗin ƙarin mutum, idan an wuce adadin da ta yanke, shi ma nata ne. Baƙon da ya saba da waɗannan manhajoji ya san haka sarai, kuma da ya kama ki da ƙaramar ƙarya, to ba zai ƙara yarda da maganarki a kan ruwa ko wuta ko tsaron unguwa ba. Ga kuma rantsuwar da aka yi a banza.

Ki raba masa gida uku. Na farko naki ne: kuɗin kwana, da na shara, da duk wani ƙari da ke kika sa. Na biyu na dillali ne. Na uku na hukuma ne, wato haraji. A Nijeriya harajin kayan masarufi da ake kira VAT kashi 7 da rabi ne tun watan Fabrairun 2020, jihar Legas kuma tana da nata harajin kashi 5 a kan masaukin baƙi da gidajen abinci. Duk wadda ta taɓa kama otal a Makka ko Madina ta waya lokacin Umra ta ga irin wannan layin, domin a Saudiyya harajin ya koma kashi 15 tun watan Yulin 2020. Idan baƙonki ya taɓa zuwa Umra, ki tuna masa da wannan, nan da nan zai gane.

Kuɗin shara yana bukatar ƙarin bayani, domin shi ne ya fi jawo surutu. Sau ɗaya ake biyansa komai tsawon zama. Wanda ya kwana ɗaya zai biya 50,000 da 15,000, daren ya tsaya masa 65,000. Wanda ya kwana goma zai biya 515,000, kowane dare ya tsaya masa 51,500. Kin ga mai kwana ɗaya yana da dalilin ɗaga murya. Sai ki gaya masa abin da kuɗin yake yi: mai aiki za ta zo ta share ta goge, a wanke zannuwan gado da tawul a goge su, a sa sabon sabulu, a wanke banɗaki da firji, kuma wannan aikin ba ya raguwa don mutum ya kwana ɗaya. Amma fa idan kin karɓi kuɗin shara, to gidan ya kasance an share shi. Kada kuma ki bar wa baƙo takarda a jikin ƙofa cewa ya wanke kwanuka ya cire zanen gado ya fitar da bola kafin ya tafi. Wannan ɗabi'a ta jawo wa masu gidaje a Amurka zagi mai yawa, har kamfanin ya fito ya ce a daina ɗora wa baƙi aikin da ya wuce hankali. Idan yawancin baƙinki masu kwana ɗaya ko biyu ne, ni a ganina gara ki rage kuɗin sharar ki narkar da sauran a cikin kuɗin kwana.

Sai batun canji. Masu gidaje da dama a nan da dala suke rubuta farashi a Airbnb. Baƙon da zai biya da katin naira, bankinsa ne zai yanke masa farashin dala na wannan rana, kuma ba lalle ya yi daidai da wanda ya ji a Wapa ba. Wanda zai biya da fam daga Landan kuma, tun watan Afrilun 2024 kamfanin ya fara ƙara har kashi 2 cikin 100 a kan kason baƙo idan kuɗin da ya biya da su ba irin waɗanda aka rubuta farashi da su ba ne. Duk wannan ba ya shigowa hannunki, kuma ba ki da ikon cire shi. Amma idan kika faɗa masa tun farko cewa abin da bankinsa zai cire zai iya ɗan bambanta, kin wanke kanki.

Jimilla ake faɗa

Wannan rigima ta ɓoye ƙari har sai an zo biya ba a nan kaɗai take ba. A 2018 Hukumar Tarayyar Turai ta matsa wa Airbnb lamba cewa ya riƙa nuna cikakken farashi tun a shafin farko, a 2019 kuma aka sanar ya bi. A Amurka hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta kafa doka, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2025, cewa masu otal da masu hayar gida na 'yan kwanaki dole su nuna jimillar kuɗi tare da duk wani ƙari na tilas. A watan Afrilun 2025 Airbnb ya mayar da nuna jimilla, ban da haraji, ya zama ka'ida a duniya baki ɗaya.

Ma'ana, a yanzu manhaja ta fi ki saurin faɗin gaskiya. Ruɗanin yana zuwa ne daga bakinmu da tallarmu. Idan kika rubuta "50,000 kacal" a WhatsApp ko Instagram, sannan kika tura mutum manhaja, ke kika haƙa ramin. Ki rubuta cewa 50,000 kuɗin kwana ne, akwai shara 15,000, wanda zai kama ta manhaja kuma akwai la'adarsu. Ki koya wa duk mai amsa waya a madadinki, ko maigida ne ko ɗanki ko maigadi, su riƙa faɗin abu ɗaya. Ba abin da ke zubar da mutuncin masauki kamar a ji farashi uku a bakin mutum uku.

Ga irin saƙon da za ki ajiye a waya, ki riƙa canza lambobi kawai:

"Assalamu alaikum Alhaji, sannu da ƙoƙari. Ga yadda kuɗin yake. Kwana uku a kan 50,000, ya kama 150,000. Shara da wankin kayan gado 15,000, sau ɗaya ake biya, wannan ni na sa shi. Sai la'adar kamfanin da ya haɗa mu 23,100, su suke yankewa su suke karɓa. Jimilla 188,100. Wuta da ruwa da intanet duk suna ciki, ba abin da za a ƙara tambayarka idan ka iso."

Ki duba, babu ban haƙuri a ciki, babu zagin kamfani, babu kuka da tsadar rayuwa. Wasu matan da an taɓa farashi sai su shiga labarin yadda aka cire tallafin mai a 2023 da yadda kuɗin wuta ya haura a 2024. Duk gaskiya ne, amma baƙo shi ma a ƙasar yake, bai tambaye ki ba. Jimlar ƙarshe ta saƙon kuwa ita ce mafi tsada, kuma kada ki rubuta ta sai in za ki cika. Idan kin san bayan awa kaza na janareto sai baƙo ya sayi mai, ko mitar wutar ta kati ce shi zai riƙa sawa, to a rubuta a bayanin gidan tun kafin ya biya. Haka kuɗin ajiya saboda ɓarna, wanda ya zama al'ada a gidajen Abuja da Legas. Booking.com yana da gurbin da za ki rubuta shi baƙo ya gani. Airbnb kuwa bai yarda yawancin masu gida su karɓi irin wannan kuɗi a hannu ba, ya ce idan an yi ɓarna a nema ta cikin manhaja. Mutum ya sauko daga mota da iyalinsa da daddare, a tare shi a ƙofa a ce sai ya ajiye wata 50,000 kafin a ba shi makulli, wannan ba ciniki ba ne, tarko ne.

"Hajiya, mu yi ta bayan gida mana"

Yanzu mun zo inda gizo ke saƙa. Da baƙo ya fahimci akwai naira 28,000 a tsakani, abin da zai biyo baya sananne ne. Zai ce ki ba shi lambar asusunki ya turo miki kai tsaye, ke ki sami ƙari, shi ya sami ragi. Wani ma ba wayo yake nufi ba. Tun wajen 2022 bankuna da dama suka tsayar da biyan kuɗin waje da katin naira, sai a 2025 wasu suka dawo da shi, don haka mutane sun saba da cewa tura kuɗi kai tsaye ya fi sauƙi.

A ido abin riba ne, amma ki auna abin da kike saki. A Airbnb kamfani ne ke riƙe kuɗin baƙo, sai bayan kamar awa 24 da shigarsa gidan ake sako miki. Wannan ya tsare shi daga masu ɗora hoton gidan da babu shi, ya kuma tsare ki daga alat na bogi, wanda ba sai na ba ki labarinsa ba. Baƙo yana da awa 72 ya kai ƙara idan ya tarar da gidan ba yadda aka siffanta ba. Ke ma idan aka fasa miki talabijin ko aka ƙona kujera, kina da inda za ki kai hoto da rasit ki nemi diyya. Kina kuma iya karanta abin da sauran masu gidaje suka rubuta a kan mutum kafin ki buɗe masa ƙofa, wanda ga macen da gidan hayarta ke manne da inda 'ya'yanta suke kwana ba ƙaramin abu ba ne. Da kun fita daga manhaja duk wannan ya faɗi. Kuma dokar kamfanin ta hana janye ciniki zuwa waje, ko na yanzu ne ko na baƙon da zai sake dawowa. Idan suka gano suna iya rufe rajistarki, taurarin yabon da kika shekara biyu kina tarawa su tafi a dare ɗaya.

Bayan wannan akwai abin da ya fi rufe rajista nauyi. Ranar da kika yi rajista kin amince da sharuɗɗansu, dillali kuma ya yi aikinsa, shi ya kawo miki mutumin da ba ki taɓa sani ba. Da a ce dillaliyar unguwarku ce ta kawo miki mai sayen sarƙa, kuka ƙyafta ido kuka sallame ta, sannan kuka ƙulla cinikin bayan ta fita, kin san sunan da za a kira wannan. A fahimtata, kasancewar dillalin kamfani ne mai arziki a wata ƙasa bai canza hukuncin alkawari ba.

Ba sai kin yi wa baƙo wa'azi ba. Ki ce: "Na gode Hajiya, amma tunda ta nan muka haɗu, ta nan za mu ƙarasa. Kuɗinki yana hannunsu har sai kin shiga kin ga gidan, wannan ya fi miki kwanciyar hankali. Idan sauƙi kike so, zan rage miki ta ciki." Kuma kina iya ragewar, domin akwai gurbin tura wa mutum farashi na musamman, akwai kuma rangwamen mako ga mai kwana 7 da na wata ga mai kwana 28. Kin ga ya sami sauƙi, la'adar ma ta ragu tunda a kan jimilla ake cire ta, ba a kuma ci haƙƙin kowa ba.

Wannan duk a kan wanda manhaja ta kawo ne. Ƙanin maigidanki, ko maƙwabciyar yayarki, ko wanda ya ga lambar waya a jikin gini ya kira, ba dillalin da ya haɗa ku, ba la'adar kowa a kanku. Sai dai ki tuna ki toshe waɗannan ranaku a kalandar manhaja, don kada a sayar da dare ɗaya ga mutum biyu. Idan hakan ta faru ke za ki soke, kuma idan mai gida ce ta soke ana mayar wa baƙo kuɗinsa duka, ita kuma a ci ta tara.

Idan tafiya ta fasu

Biki yakan ɗage, likita yakan canza rana, rasuwa takan faɗo. Baƙo zai kira ki ya ce a mayar masa da kuɗinsa, kuma abin da ya biya gaba ɗaya yake nufi, har da la'adar da ba ta taɓa shigowa hannunki ba. Shi ya sa yana da kyau tun ranar kamu ki nuna masa ka'idar sokewa da kika zaɓa, ki faɗa masa ranar ƙarshe da zai iya fasawa ba tare da asara ba. Kuɗin shara ana mayarwa idan mutum bai shiga gidan ba. Kuɗin kwana ka'idarki ce ke yanke hukunci a kansa, kuma kina da damar yafe fiye da abin da ka'idar ta ce, musamman ga mai jinya ko wanda aka yi wa rashi. La'adar kamfani kuwa tasu dokar take bi, don haka kada ki yi alkawarin abin da ba ya hannunki. Ki ce masa naki kason kin mayar, nasu kuma ga inda zai tuntuɓe su. Kuma shi ne zai danna sokewa daga wayarsa. Wasu baƙin kan roƙi mai gida ta soke a madadinsu don a mayar musu da komai, ita kuma ta ɗauki tara da baƙin tabo a rajistarta.

A Booking.com akwai wani wurin da ake yawan tuntuɓe. Sau da yawa baƙo a hannunki zai biya idan ya iso, kamfani kuma ya aiko miki da takardar la'adarsa ta wata. Idan mutum ya kama gida bai zo ba, ke kuma ba ki shiga kin nuna cewa bai zo ba a cikin lokacin da suka ƙayyade, za a lissafa miki la'adar daren da ba ki karɓi ko kwabo ba. Sannan idan kika shiga shirinsu na rangwame da suke kira Genius, ragin kashi 10 da baƙo yake gani daga kuɗinki yake fita, ba daga nasu ba. Don haka idan baƙo ya nuna miki waya ya ce shi ga abin da aka rubuta masa, ya kuma yi ƙasa da abin da kika sani, kada ki yi musu da shi a bakin ƙofa. Ki buɗe takardar kamun a taki wayar, abin da aka rubuta a nan shi za ki karɓa, gobe da safe kuma ki zauna da biro ki sake duba rangwamen da kika kunna.